Ordinater ɗin Ɗanlami

A Babankatami ba a taɓa rasa masu cika baki ba, amma duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar Ɗanlami. Wata huɗu kacal ya yi a Yamai yana cin rani, yana dako a bakin ƙofar jami'a. Wata rana aka kira shi da wasu 'yan dako biyu su hau bene da kwalaye, aka ce su bi a hankali, ordinater ce a ciki, wato kwamfuta. Ko buɗe kwalin ba a yi a gabansa ba. Amma tun da ya dawo gida, shekara uku ke nan, ba za a zauna majalisa ba sai ya ba da labarin yadda shi da wani Bature suka kafa injunan jami'a kaf, shi yana ɗaura waya, Baturen yana riƙe masa tocila. Ya sayi baƙin gilashi, ya rataya wata jaka da ba komai a cikinta sai bik wanda ya daina rubutu, ya ce daga yanzu sunansa Teknisiyan. Mutane suka ce to, suka ci gaba da kiransa Ɗanlami.

A shekarar 1997 ne Adawiyya, ɗiyar yayarsa Fatsima, ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a Madawa, ta samu shiga jami'a. Ana tsakiyar yankan hatsi sai ga takarda daga ƙungiyar ɗaliban Adar da ke Yamai, tana yi wa sababbin shiga maraba, ta kuma jera musu kayan zamani da za su tarar. Adawiyya ta zauna a tabarma tana karantawa da Faransanci tana juya wa uwarta. Akwai ɗakin ordinater, sabon ɗalibi na iya shiga in ya nuna katinsa. Kowa ya zo da disket tasa. A kula da suri, kada a ja ta da ƙarfi. A yi hattara da birus. Akwai kuma wurin da ake rufe wa ɗalibi takardunsa da roba don kada su lalace.

"Ni ko guda ban gane ba," in ji Fatsima. "Ke kin san su?"

"A littafi nig gan su, Inna. Hannuna bai taɓa kai wa ga ko ɗaya ba." Ta naɗe takardar. "Ɗiyan Yamai dariya za su yi min, su ce ga 'yar ƙauye ta zo."

Ɗanlami na bakin ƙofa yana shan furar da ba dominsa aka dama ba. Ya aje ludayi, ya gyara gilashi.

"Dariya? Ɗiyar yayata? Ina raye? Ku ba ni ita kwana uku. Ranar da tas sauka Yamai, malaman da kansu za su riƙa biyo ta da tambaya."

"Kai Ɗanlami," Fatsima ta ce, "rediyona da kaɗ ɗauka gyara bara, har yau bebe na."

"Yaya, rediyo aikin yara na, shi yas sa bai karɓi hannuna ba. Ni da manyan injuna nis saba."

"To ina za ka samu ordinater a garin ga da ko wutar kuran babu?"

"Haɗa ta zan yi. Ordinater ba wani abu ba ta, tele da mashin ɗin rubutu na anka ɗaura ma aure."

Tele guda ce a unguwar, ta Maiguwa, baƙi-da-fari, da batir ɗin mota take aiki. Gabanta unguwa duka ke taruwa in ana kokowar ƙasa. A lulluɓe take kwana da zane, ko matansa ba sa taɓa ta. Ɗanlami ya je ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, santir za mu buɗe, ɗakin ordinater irin na jami'a. Buza babu shi, Keita babu, Madawa ko mafarkinsa ba su yi ba. In anka ce unguwar wa, a ce unguwar Maiguwa."

Maiguwa ya shafa gemu. "Ba ta lalacewa?"

"Lahiya za ta ƙara."

Da haka ya fito da tele a ka. Mashin ɗin rubutu kuwa a magazar koperatif ya tono shi, inda aka jefar da shi tun ranar da harafin A ya ɓalle. Ya kife turmi a zaurensa ya ɗora tele, ya aje mashin a gaba, ya ɗaure su wuri guda da wayar birkin keke. Kafin hantsi mata sun jeru a bayan danga suna leƙe. Jika mai shayi, wanda ya san Ɗanlami tun suna kiwon awaki, ya jawo bencinsa kusa don kada wani abu ya wuce shi.

"Buga sunanki," in ji Ɗanlami.

Adawiyya ta buga, ta duba takarda. "Kawu, DWIYY yaf fito. Babu A ko guda."

"Haka ordinater ka yi, taƙaitawa take. Mutanen Yamai ba su da lokacin A."

"Kuma ga tele ban ga komi ba."

"Sai ranar buki. Inji ba shi sakin jiki da baƙo rana guda."

Suna cikin haka wani direba ya kawo ɗan ambulan. Daga Lois ne, ɗiyar Malam Sila maƙwabcinsu, wadda ke aikin sakatariya a asibitin Mishan, gaba da Madawa. Ita kullum a gaban ordinater ta gaske take wuni. Ta ji Adawiyya za ta jami'a, ta aiko mata da disket sabuwa, ta ce za ta zo gida ranar kasuwa su yi ban kwana.

Ɗanlami ya karɓe disket ɗin tun kafin mai ita ta gama kallonta. Ya juya ta, ya kaɗa ta a kunne, ya sunsuna.

"Ka ji aikin mata. Ta aiko ta da ɓawonta."

Ya zaro wuƙa.

"Kawu, ina jin ba a buɗe ta."

"Ke kina ji, ni na gani."

Ya ɓare ta gida biyu, ya zaro wani baƙin faifai mai laushi, ya ɗaga wa matan bayan danga. Sai kuma ya ɗaure fuska. Abu daga asibiti ya fito, in ji shi, ai nan ne matattarar birus. Ya sa aka kawo ruwa da sabulu, ya cuɗe faifan sarai, ya shanya a kan danga. Bai gama wanke hannu ba akuyar maƙwabta ta miƙa wuya ta lashe shi.

"Teknisiyan," in ji Jika, "ga karatun ɗiyarku can ana tuƙa."

"Ba komi. Ai ta riga ta ga yadda cikinta yake, shi a darasin yau."

Kashegari aka zo kan suri. Adawiyya ta ce da Faransanci kusu ke nan, amma a zatonta wani ɗan abu ne da ake turawa da hannu.

"Da ba kusu ba na, mi zai sa Nasara shi ce mai kusu?" Ɗanlami ya ce. "Kin taɓa jin Nasara ya yi ƙarya ga suna? Da hannuna nib ba na jami'a tsaki. Shi ka gudu cikin inji shi ɗauko rubutu."

Ya shiga ruhewar Fatsima da kansa, ya yi ta fama cikin damman hatsi, ya fito da ƙaiƙayi har cikin kunne da cizo biyu a yatsa, riƙe da wani ƙaton kusu. Ya ɗaura masa waya a wutsiya, ya kife shi da gwangwanin madara, ya ɗora dutse. Adawiyya ta dube shi, ta dubi gwangwanin da ke motsi, ta ce tana da aiki a gona, ta fita.

Fitarta ce ta ba shi dama. Ya lura yarinyar ta fara raina shi, ya ga sai ya yi abin da zai rufe bakin kowa. Ya sami Fatsima tana sussuka.

"Yaya, ba ni takardar bak ta Adawiyya in ruhe ta da roba. A Yamai sai ta yi kwana uku bisa layi. Ni yanzu-yanzu."

"Guda ɗaya ta tak, Ɗanlami. In ba ita, ba a rubuta ta jami'a."

"Shi yas sa za a ruhe ta. Kina so ruwa shi taɓa ta cikin mota?"

Fatsima ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fito da takardar a naɗe cikin ɗankwali. Ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya shige ɗakinsa da la'asar ya ja ƙyaure. Ya sa takardar cikin ledar sukari, ya jawo wani dutsen guga da ba wanda ya san inda ya samo shi, ya cika shi da garwashi, ya yi ta fifita har gindin dutsen ya fara ja. Ya ɗora, ya danna da ƙarfinsa duka, ya tsaya yana ƙirga ashirin don aiki ya kamu da kyau. Wari ya tashi. Ya ɗaga dutsen, tabarma wayam. Ya leƙa ƙasan dutsen, ga takardar can ta manne, leda ta narke ta zama ƙaro, tsakiya ya yi baƙi ƙirin. Ya sa farce ya ja gefe, gefen ya biyo farcen.

Gumi ya karyo masa. Ya zubar da garwashin, ya tura dutsen ƙarƙashin gado, ya gaya wa kansa in ya huce za ta saki da kanta. Da safe ya duba, ta ƙara kamawa. Ya mayar, ya sa gilashinsa, ya fita shirin buki.

Ranar kasuwa ce, gari ya cika. Ɗanlami ya sa an yi shela, aka fito da turmi da tele da mashin da gwangwani gindin itacen bedi a ƙofar gidan Maiguwa. Maiguwa ya sha babbar riga ya zauna a kujera gaba-gaba. Har mutanen Allakaye da suka kawo awaki suka bar ciniki suka zo kallo. Ɗanlami ya hau kan benci ya yi jawabi, rabi Hausa rabi wani abu da ya ce Faransanci ne, ya ce daga yau duk ɗan Adar da zai tafi jami'a sai ya biyo ta hannunsa.

Yana cikin jawabin Lois ta iso, ta gaida Maiguwa, ta rungume Adawiyya, sannan ta juya ta ga turmi. Ta daɗe tana kallo.

"Kawu Ɗanlami, sannu da aiki. Mi a wanga?"

"Ke da ka aiki da ita kullum ba ki gane ta ba? To, a gaida asibiti."

"Tamu tana da akwati a gehe, shi ka yin lissahin duka. Ina naku?"

"Taku tsohuwar yayi ta. Wagga, lissahin nan yake." Ya nuna kansa.

"To ta ina disket ka shiga?"

Ya nuna ramukan iska da ke bayan tele.

"Ina wadda nir aiko ma Adawiyya? Mu gwada."

"Tana cikin akuya," in ji Jika daga bencinsa. "In kina haƙuri, gobe da sahe tana hitowa."

Wuri ya ɗauki dariya. Ɗanlami ya daka tsawa a yi shiru, ya maƙala wayoyin batir, ya murɗa tele. Da yake da rana ne ba a fara shiri ba, sai yayyafi fari da baƙi da shuuu. Ya zauna ya hau dukan mashin da yatsa biyu kamar mai kiɗan kalangu.

"Ga sunan Maiguwa nan tahe! Ku duba da kyau!"

Aka duba da kyau. Yayyafi.

"Ni ban ga sunana ba," in ji Maiguwa.

"Shina ciki, ranka shi daɗe, ƙarhin wuta na yay yi kaɗan bai iya turo shi waje."

Ya ruga tasha ya roƙi direban wata kamyo, babbar motar kaya, batir, ya dawo da shi a kafaɗa yana nishi. Ya fara haɗa shi baki da baki da na Maiguwa.

"Kawu, kada ka jera su haka," Lois ta ce. "Wutar ta yi mata yawa, ƙonewa za ta yi."

"Ke sakatariya ta, ni teknisiyan na. Kowa shi tsaya ga aikinai."

Ya maƙala waya. Tele ta yi wani haske da ba ta taɓa yi ba tun da aka saye ta, har wasu suka fara tafi. Sai ƙara, fau! Hayaƙi ya turnuƙe ta baya, gilashin ya yi duhu. Ɗanlami ya yi tsalle da baya ya shure gwangwani. Kusun da ya kwana a kife ya fito da waya a wutsiya, ya nemi duhu mafi kusa, bai ga wanda ya fi ƙafar wandon Maiguwa ba.

Dattijon da ba a taɓa ganin ya ɗaga murya ba ya tashi yana dirka rawa, yana dukan cinyarsa, yana salati, rawani ya warware. Jika ya kama wayar da ke leƙowa daga ƙafar wando ya ja, kusu ya fito yana tsuwa.

"Jika, an ce kada a ja ta da ƙarhi!" wani ya ce daga baya. Mutanen Allakaye har da masu zama a ƙasa don dariya.

Fatsima ba ta yi dariya ba. Ta ga hayaƙi, ta tuna da takardar. Ta ratsa taro ta tsaya gaban ƙaninta.

"Ba ni takardar ɗiyata."

"Wace takarda, Inna?" in ji Adawiyya.

"Ta bak. Jiya yak karɓa wai shi ruhe ta da roba."

"Tana hucewa," Ɗanlami ya ce. "Irin wanga aiki ba a gaggawa. Kwana bakwai roba ka yi kahin ta nuna."

Adawiyya ta juya. Ta nufi ɗakinsa da sauri, ya bi ta yana "tsaya in yi miki bayani", Jika ya tare shi da benci. Jim kaɗan ta fito riƙe da dutsen guga, ta ɗaga gindinsa sama yadda kowa zai gani. Dariya ta ɗauke. Shekara goma sha uku na karatu, ga su nan manne da ƙarfe. Tambarin hukuma ya tsira a gefe guda, da rabin sunan ubanta. Sauran gawayi.

Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Kawu, wanga ma taƙaitawa ta?"

Fatsima ta waiga ta ga muciyar mai tuwon kasuwa, ta fizge. Sai da mata huɗu suka riƙe ta, amma kafin su riƙe ta ta samu Ɗanlami da biyu masu kyau, ɗaya ta raba baƙin gilashinsa gida biyu.

Lois ce ta kwantar da hankalin uwa da ɗiya. Ta ce abin yana gyaruwa, sai dai da wahala. A je jandarmeri a Buza a yi takardar shaida cewa ta lalace, ita kuma za ta buga wasiƙar neman wata a ordinater ɗin wurin aikinta, Adawiyya ta tafi da su Yamai. Amma dole a nuna wa jandarma ragowar ta farko.

"Ai ba ta ɓanɓaruwa," in ji Jika.

Maiguwa yana naɗa rawani, idonsa a kan gawar telensa.

"To shi ɗauki dutsen shi kai. Da hannunai. Kuma shi yi ma hukuma bayani da bakinai. In yad dawo, ni da shi muna da magana bisa tele."

Washegari suka shiga motar Buza, Adawiyya a gaba, Ɗanlami a baya cikin buhunan albasa, rungume da dutsen guga. Duk wanda ya hau sai ya tambaya, duk wanda ya tambaya sai yaron mota ya ba shi labari tun daga akuya.

A jandarmeri suka tarar da wani shef mai furfura a gaban mashin ɗin rubutu. Ya saurari Adawiyya, ya karɓi dutsen, ya juya shi, ya kira abokan aikinsa biyu su ma su gani. Sannan ya zura takarda a mashin, ya dubi Ɗanlami.

"Suna?"

Ya faɗa.

"Sana'a?"

Ɗanlami ya gyara tsayuwa, ya taɓa inda gilashi yake a da.

"Teknisiyan na ordinater, shef. Ni nik kahwa na jami'a."

Shef ya dube shi tun daga hula har silifa, ya dubi dutsen da ke kan tebur, ya buga abin da ya buga, ya doka hatimi. A hanyar komawa Adawiyya ta karanta wa 'yan mota takardar da ƙarfi, tana juyawa da Hausa. Wurin sana'a an rubuta: mai wanki da guga.

Kafin su sauka labari ya riga su. Adawiyya ta tafi Yamai da wasiƙar Lois, ta yi sati uku tana zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin a ba ta wata takardar, ta samu rajista ana gab da rufewa. Maiguwa kuwa ya sa Ɗanlami ya kwashe masa hatsin gonarsa duka a ka, dami-dami, daga fadama har gida.

Da ya gama, ya ga sunan mai guga ya bi shi ko'ina, sai ya ce ai hukuma ba ta ƙarya, dama guga ilimi ne, a Yamai ya koyo shi wurin wani Bature. Ya kankare gindin dutsen, ya kafa tebur a ƙofar zaure, ya rubuta a kwali: GUGA IRIN NA BIRNI. Ya wuni uku, ko hankici ba wanda ya kawo. A rana ta huɗu sai ga Gogo Hawa, tsohuwar da ke bayan masallaci, tana tafe da sanda. Ɗanlami ya miƙe da fara'a, ya ɗaga murya don Jika ya ji.

"Sannu da zuwa, Gogo! Ke kin san aikin gwani. Ina tuhwahin?"

"Wane tuhwahi?" in ji tsohuwa. "Dutsena niz zo ɗauka, wanda kas sace min bisa katanga."

Ta zubar masa da garwashin a gaban tebur, ta saɓa dutsen ta yi gaba.